Ta Mai ko Ta Batir

Kuna kallonta a kan teburin nan kuna murmushi, kuma na san abin da kuke faɗa idan kun fita: Baba Haladu ya tsufa ya koma wasan yara. Jiya ma ɗayanku ya ce mini ai ba wani aiki ba ne, ya gani a waya, rimot kawai ake dannawa mota ta tafi. To ku ɗaga ta ku ji nauyinta. Wannan abar idan ta samu fili, mai babur ba ya kamo ta a kan burji, idan kuma ta samu ƙafar mutum a wannan gudun sai an nemo mai ɗori. Kun zo kuna tambayata wacce ta fi, motar rimot mai shan mai ko mai batir. Ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. Ku jawo benci ku zauna in gaya muku abin da kowacce ta yi mini.

Ni ba da mota na fara ba. Gyaran rediyo na koya a Tudun Wada, a hannun Malam Tanimu, Allah Ya jiƙansa. Shekara biyu bai bar ni na buɗe rediyon kowa ba, aikina shara da fifita garwashin da ake ɗora ƙarfen narkar da dalma. Ranar da aka fara kawo masa talabijin mai ƙeya, ya kira ni ya ce in duba da idona ko a jone take. Na ce ba a jone take ba. Sai ya ɗauki sukundireba mai hannun roba ya taɓa wani wuri a bayanta. Ƙarar da ta yi da tartsatsin da ya tashi sai da na ja baya na bugi ƙyauren shago. Ya ce, "Tun safe aka cire ta. Ka dai ga abin da ya rage a ciki." Ya ci gaba da aikinsa. Da rediyo ta fara ja baya na koma ƙananan injina: janareta, injin feshi, da injin ban-ruwa na masu noman rani. Da su na buɗe wannan shagon a Kwanar Ɗangora, da su na yi aure, da su na ciyar da gida.

Motar farko wata Laraba aka kawo mini ita, bayan azahar. Alhaji Sabi'u ne, mai sayen hatsi a Kiru, dattijo da furfurarsa, wanda na daɗe ina gyara wa janaretan sito. Bayan mun gaisa ya sa hannu a but ɗin motarsa ya ciro wani kwali, yana waige-waige kamar mai jin kunya.

"Malam Haladu, an ce ba ka mayar da inji."

"Sai dai wanda ya fi ƙarfina, Alhaji."

"To ga wannan. A wata tafiya na gani na saya. Tun ina ƙarami nake ƙera motar kara, yau Allah Ya ba ni mai tafiya da kanta, ta ƙi tashi."

Na cire murfinta na tsaya ina kallo. Injin bai fi lemun tsami girma ba, amma babu abin da babu a jikinsa: ga kafireta, ga kuloci, ga salansa, ga tankin mai kamar kofin shayi. Man ba fetur ba ne. Naitiro ake ce masa, a galan yake zuwa daga birni, yana da launi kamar ruwan zoɓo da aka tsinka, hayaƙinsa yana da ƙanshi amma yana sa ido hawaye. Fuloginta ma ba ya tartsatsi irin na babur, wata 'yar waya ce a ciki da ke yin ja idan an ɗora mata ƙaramin batir. Allura biyu ne ke daidaita man, kuma murɗa ɗaya daidai kaurin farce ya isa ya gyara ta ko ya ƙone injin. Babu wanda zan tambaya. Yawu nake tofa wa kan injin: idan ya ɗan jima kafin ya bushe, lafiya, idan ya yi tsalle nan take, mai ya yi kaɗan, a kashe. Kwana uku na yi a kanta kafin ta yi kuka irin wanda ake so.

A rana ta ukun ne na san irin man da nake wasa da shi. Mun fito da tebur waje saboda hayaƙi, rana tana tsaka. Mai ya ɗan zube, na goge da tsumma na ajiye a gefe. Ina gwada fulogi, yana ja, sai ya kuɓuce mini ya faɗa kan tsumman. Na duba ban ga komai ba, na ci gaba da magana da Alhaji. Can sai na ji zafi a wuyan hannuna. Na duba, babu wuta, amma gashin hannuna yana nannaɗewa. Gefen tsumman yana yin baƙi da kansa, iskar da ke samansa tana rawa. Alhaji ya miƙo hannu zai ɗauke tsumman, hannun rigarsa yana lilo. Ban san lokacin da na doke hannun dattijon nan ba. Na ɗebi ƙasa da hannu biyu na zuba. Sai da na gama na ba shi haƙuri. Wutar wannan man ido ba ya ganinta da rana. Mutum zai iya tsayawa a cikinta rigarsa tana ci, na kusa da shi suna tambayarsa me ya same shi. Tun ranar bokitin yashin da kuke gani a bakin ƙofa yake nan.

Akwai wani tsohon ramin burji a hanyar Badafi, inda masu aikin titi suka ɗebi ƙasa suka bar tudu da kwari. Nan Alhaji ya samu. Kafin shekara ta zagayo, abokansa daga birni sun ji labari, duk Asabar bayan la'asar sai ka ga motoci biyar ko shida suna hawa tudu suna tashi sama suna dirowa, mutanen ƙauye sun yi layi a bakin rami. Ni kuma ina gefe da akwatin kayan aikina: filaya mai dogon baki, ƙananan sifanoni, tsohon buroshin haƙori, soson matatar iska da na jiƙa da mai, don ƙurar burji tana cinye injin nan cikin yini ɗaya. A cikin duk kayan motar akwai wani ɗan sifirin da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Aikinsa guda ne. Idan mota ta daina jin rimot, shi ne zai ja totur ya rufe. Ku riƙe wannan.

Shekarar da abin ya faru, kaka ce. An yanke dawa, an ɗaure dammuna an jera a gonaki, ko'ina kara ne da busasshen ganye. Ranar Asabar da safe Alhaji ya kawo motar in wanke kafireta. Ina cire sifirin ɗin nan da filaya sai ya yi tsalle. Na ji faɗuwarsa amma ban ga inda ya faɗa ba. Na durƙusa na lalube ƙasan shago, na kaɗe tabarma, babu. Ga mutum biyu suna jiran injinan ban-ruwansu, ga Alhaji yana duba agogo. Na ce a raina ai shekara guda ke nan motar ba ta taɓa ƙin jin rimot ba, yini ɗaya ba zai zama komai ba, Litinin na samo wani. Na mayar da murfi na miƙa masa. Ban gaya masa ba.

Da la'asar tana cikin gudu ta hau tudun da ya fi kowanne tsawo, ta tashi sama ta diro da baki. Wayar ƙaramin batirin da ke ba ta ikon jin rimot ta fizge. Ni ban ga wayar ba, kukan na ji ya canza. Ya tashi ya zama wani siririn ihu da bai sauka ba. Alhaji yana murɗa rimot yana girgiza shi, ya juyo ya dube ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam Haladu, ba ta ji na."

Ta haura bakin rami ta wuce tsakanin ƙafafun 'yan kallo, ta miƙe cikin gonaki. A gabanta akwai garken Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan ramin, shanunsa suna cin kara a gonar da aka riga aka kwashe. Da abin nan ya ratsa ƙarƙashinsu yana ihu yana hayaƙi, sai garken ya tashi gaba ɗaya, ya nufi masussukar da mata ke sheƙe hatsi. Ina gudu ina kallo. Na ga mata sun watsar da ƙore, na ga wata mai goyo ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan gwiwoyinta ta kasa tashi, ga ƙahoni suna zuwa. Buba ne ya yanko ta gefe ya shiga gabansu da sanda yana kiran sunayensu. Yadda ya juya su, har yau ban sani ba. Sun wuce matar da tazarar da ba ta fi tsawon tabarma ba. Wata karsana ta faɗa kwazazzabo ta karya ƙafar gaba.

Motar kuwa ta je ta cusa kai cikin tarin dammunan wani manomi, Malam Idi, ta kife, tayoyi a sama, injin yana ci gaba da ihu. Na iso numfashina yana neman yankewa. Na cusa hannu cikin dawar na lalubo bakin salansa na toshe da babban yatsa. Ga tabon nan. Injin ya mutu, wurin ya yi tsit, na zauna a ƙasa ina cewa an tsira. Sai na ji wata 'yar ƙara a cikin tarin, ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Tankin ya fashe, man ya tsiyaye a kan salansa mai zafi. Na ga ganyen dawa yana lanƙwashewa yana baƙi, babu harshen wuta. Kafin in miƙe ta kama kara ta yi ja, iska kuma tana kaɗawa zuwa sauran gonakin.

Duk wanda ke wurin ya shigo, har baƙin birni da manyan rigunansu. Wasu suna jan dammuna suna jifa nesa, wasu suna duka da ɗanyen reshe, wasu suna ɗibar ƙasa da hula. Kowa sai tari yake. Da wutar ta tsallaka gonar gaba, da babu wanda zai iya tare ta sai ta kai gidajen mutane. Allah Ya taƙaita, ta tsaya a tarin Malam Idi, amma ta ci fiye da rabinsa.

Washegari da hantsi aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Alhaji Sabi'u bai yi gardama ba. Ya ce zai cika wa Malam Idi rumbunsa daga sitonsa, zai kuma mayar wa Buba karsana. Sai Malam Idi ya ɗago kai ya yi magana.

"Alhaji, na gode. Abinci kam za ka mayar mini. Amma a cikin wanda ya ƙone akwai zangarniyar da na ware don iri. Kaura ce da na gada wajen mahaifina, shi ma wajen nasa. Babu mai irinta a nan sai ni. Ita fa?"

Sai mai unguwa ya tambaya me ya sa abin ya ƙwace. Alhaji ya ce kayan inji ne, ƙaddara ce. Ina zaune a bayansa, yatsana a naɗe da tsumma. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Akwai abin da ke tsayar da ita, ni na cire jiya da safe ban mayar ba, kuma ban faɗa masa ba." Alhaji ya juyo ya dube ni. Mai unguwa ya hana wasan a ƙasarsa.

Labari ya bazu har Ba'awa da Ɗansoshiya cewa Haladu yana barin inji da saura. Ranin nan gaba ɗaya, lokacin da masu tumatir da albasa ke layi a nan, injin ban-ruwa ko ɗaya bai shigo mini daga wannan yankin ba. Suna wucewa ta gaban shagona da injinansu a bayan babur, su ɗaga mini hannu su tafi wajen wani. Ina zaune ina gyara tocila da fankar caji. Wata rana ina shara don rashin abin yi, na ɗaga ƙafar teburin nan, sai ga sifirin a ƙarƙashi.

Sai da damina ta faɗi Alhaji ya sake takowa shagona. Ya zauna a inda kuke zaune, muka gaisa har da tambayar iyali, kamar babu abin da ya faru. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hotuna biyu.

"Wannan irin waccan ce, mai mai. Wannan kuma batir ce zalla. Ni dai ban iya haƙura ba, Malam Haladu. Tunda ka iya faɗin gaskiya a gaban mai unguwa, kai za ka zaɓa mini."

Ban yi dogon tunani ba na nuna ta batir. Babu galan, babu salansa mai zafi, babu allurar da za a murɗa, kuma idan ta daina jin rimot tsayawa take da kanta. Da ta iso muka kai ta ƙofar gidan mai unguwa, na kashe rimot tana cikin tafiya, ta tsaya cak a gabansa. Na maimaita sau uku. Ya yarda a koma ramin, bisa sharaɗin babu mai mai idan an fara yankan hatsi. Abokan Alhaji ma yawancinsu suka canza. Ta fi waccan saurin tashi, ba ta damu da ƙura ba, aikina a kanta bai wuce canza giya da liƙe waya ba. Mutum ɗaya ne bai yaba ba. Buba ya tsaya a bakin rami ya jingina da sandarsa yana kallonta tana wucewa shuu, ya ce mini, "Waccan tun daga nesa nake jin ta in kawar da shanuna. Wannan sai ta zo gindinka ka sani." Na yi dariya a lokacin. Bayan mako biyu ta daki wani mai kallo a idon sawu yana tsaye yana hira, bai ji zuwanta ba, ya yi wata guda yana ɗingishi.

Duk da haka shekara biyu muka yi lafiya, har na saki jiki. Masu injin ban-ruwa suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Batirin da ya kusa tashin layin nan, a bazara aka kawo shi, irin ranar da kwanon rufi ke ƙara don zafi. Alhaji ne ya shigo da shi a aljihu gab da azahar. Motar ta bugi dutse a satin da ya wuce, gefen batirin ya lotsa, kuma ya kumbura kamar fanke. Ya ce baƙi za su zo, ɗayan batirin ba zai isa ba, in ɗan sa masa caji. Na taɓa jin an ce kumburarren batir ba shi da kyau, amma ji ne kawai, ban taɓa gani ba. Na latsa shi na ji taushi. Na ce bari in sa masa kaɗan. Babu wuta, na tayar da janareta, na jona caja, na ɗora batirin a kan kantar katakon can da ke jikin bango.

Bangon nan kwano ne falle ɗaya. A bayansa, a wancan lokacin, Ɗanlami mai bumburutu ne yake da rumfa, jarkokinsa na fetur a jingine da kwanon, kwalabensa a jere a kan tebur har bakin ƙofata. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka ban taɓa kawo komai a raina ba.

Na fito waje ina alwala, na wanke fuska ke nan, sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar alewa tana ƙonewa. Sannan na ji tsaki mai tsawo daga cikin shago. Na leƙa. Batirin ya ninka girmansa, farin hayaƙi yana fita ta gefe da ƙarfi, kai tsaye yana dukan kwanon bangon. Na san abin da ke bayan kwanon. Na figi shebur na shiga na kwaso shi. Ina juyowa ya fashe da wuta, ba irin wutar kara ba, irin ta mai walda, tana huci tana feshi. Na nufi ƙofa da shi, na manta wayar caja tana jone. Wayar ta miƙe ta fizge shi daga kan shebur, ya faɗi a bakin ƙofa ya gangara, ya tsaya taku ɗaya daga ƙafar teburin kwalaben fetur.

Ɗanlami yana tsaye da mazurari a hannu yana zuba wa wani mai babur mai. Ya ƙame, mai yana ci gaba da zuba. Alhaji ya ɗauki butata ya watsa ruwan. Wutar ta lafa, kowa ya sauke numfashi, sai ta sake tashi fiye da da. Na kife bokitin yashi a kai, na sa shebur na tura tarin gaba ɗaya zuwa bakin titi. A tsakiyar hanya ya sake fashewa ta cikin yashin. Daga baya na fahimci gida uku ne a cikinsa, kowane gida sai ya ci nasa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ruwan buta ba ya hana shi. Ina tura shi ina jin motsi a bayana. Da na waiga, mai shayi da mai faci da masu jiran mota sun yi layi suna miƙa wa juna jarkokin Ɗanlami suna tsallaka titi da su, a hankali, kamar masu ɗaukar ƙwai. Da jarka ɗaya ta kama, daga shagon nan har tasha babu abin da zai rage, kuma lokacin sallah ne, layin cike yake da mutane.

Washegari Ɗanlami ya kwashe rumfarsa ya koma ƙetaren titi. Muna gaisawa har yau, amma bai sake zama a bencina ba.

Da wurin ya lafa, bayan mun yi sallar da muka makara, Alhaji ya zauna yana duban gurbin da wutar ta bari a ƙasa. Ya ce, "To yanzu wacce, Malam Haladu?"

Na ce, "Alhaji, wancan karon na yi saurin ba ka amsa. Ta mai tana nuna maka haɗarinta tana gudu, kana tsaye kana kallo. Ta batir tana iya yin nata tana ajiye, kana alwala. Ni ban san wadda ta fi ba."

Abin da muka tsayar daga baya, shi nake bi har yau, kuma shi zan gaya muku. Ta mai sai ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙa, ciyawa ta yi kore, babu abin da zai kama. Injin ma ya fi son lokacin don ƙura ta kwanta. Ba ta fita daga hannuna sai da sifirin biyu, kuma sai mai ita ya kashe rimot a gabana mun ga totur ya rufe. Daga yankan hatsi zuwa ƙarshen sanyi, ta batir, da mutum ɗaya a bakin rami wanda ba ya kallon wasa, mutane da dabbobi kawai yake kallo. Idan zafin bazara ya shigo, kowa ya ajiye tasa. Caji kuwa ba a ƙarƙashin rufi ba. Kun ga tukwanen ƙasan can a gindin darbejiya, na sa mai ginin tukwane ta yi mini su da kauri, an zuba musu yashi har rabi. A ciki ake caji, kuma mai batir yana zaune kusa har ya cika. Idan aka kira sallah, a cire.

Wanda ɗakinsa ɗaya ne, nan yake kwana da iyali, nan zai ajiye batir, ba na ba shi shawarar ta batir. Wanda gidansa ke cikin gonaki da rumbuna, ko ba shi da haƙurin zama da allura yana tofa yawu, ba na ba shi shawarar ta mai. Da yawa a haka suke tashi ba su sayi ko ɗaya ba, kuma ban taɓa kiran wani ya dawo ba.

A bazarar da ta wuce wani ma'aikaci ya tsaya a nan a hanyarsa ta zuwa Doguwa, ya ce an kwatanta masa ni. Batura huɗu ne a but ɗin motarsa tun safe, motar kuma ta yi awanni a rana a wajen wani taro. Na ce kada ya buɗe a nan, ya ja motar can bayan tasha inda babu rumfa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, batirin abin wasa ne fa." Na ce ya yi mini alfarma. Da muka buɗe, uku lafiya, na huɗun ya kumbura har ledarsa ta fara tsagewa, kuma a jikin jarkar fetur ɗin da yake tafiya da ita yake kwance. Matarsa da 'ya'yansa suna kujerar baya. Dariyar ta tsaya. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya kai su inuwa mai nisa, sannan ya dawo ya tsaya a bayana. Na sa shebur na ɗauko batirin, na taka da shi a hankali har nan, hannuna a miƙe, mutane suna buɗa mini hanya.

Irin waɗannan ba a jefa su a bola, don masu tsintar ƙarfe suna fasawa. A ruwan gishiri nake jiƙa su cikin tukunya mako biyu, sannan in binne a bayan shago. Nasa ne na bakwai a ramin. An ce mini bayan gishirin babu sauran komai a cikinsu. Wataƙila haka ne. Ni dai na kewaye wurin da ƙaya, na hana mai shayi zubar da tokarsa a can, kuma duk ranar da zafi ya yi yawa sai na zagaya na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar.

Ku je ku yi shawara, ku duba inda kuke kwana da abin da ke maƙwabtaka da ku, sannan ku dawo mu yi magana. Idan za ku fita ku bi ta gaba. Kada ku yanke ta bayan shago.